Aikin Gidan Hansatu

Ni mutumin Aliero ne, mai albasa a Mil Sha Biyu,
shekara ashirin ina shaƙar hayaƙin Ikko.
A zamaninmu yaro mai yawan tambaya
ranƙwashi ne rabonsa.
Sai ga autata Hansatu ta ci gurbin karatu kyauta
a wata makaranta can Ikeja,
inda malamai ke raba tambaya, su bar amsa a aljihu.

Tana shekara shida ta dawo da aikin gida:
"Baba, ruwan kwatarmu ina yake kwana?"
Na ce, "Inda Allah ya kai shi."
Ta ce malama tana son adireshi.
Ran Lahadi na naɗe ƙafar wando,
muka bi lambatun Ketu, ledar ruwa na yi mana jagora,
har bakin tafkin da ke haɗiye komai bai tofar ba.
Ta zana shi da shuɗi, ta shafa baƙi a gefe.

A tara ta zo rumfata da ma'auni da littafi,
ita da Folake, da wani ɗan Koriya mai gilashi
wanda albasa ta sa shi kuka tun ba a yanka ba.
Suka zazzage buhu, suka ƙirga ruɓaɓɓu.
"Kwana nawa a mota? Wa ya ɗora? Wa ya sauke?
Wannan da ta lalace, asarar wa ce?"
'Yan dako suka yi ta dariya.
Ni ban yi ba, don na san manomin,
ƙanen mahaifiyata ne.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.
Na ce wannan boko mai tutoci arba'in a ƙofa
zai mayar mini da 'ya baƙuwa,
ta riƙa gaishe ni a tsaye, da harshen hanci.

A sha uku, cikin damina, ruwa ya shigo mana ɗaki.
Tana kan tebur, ƙafa a naɗe, waya a hannu,
tana magana da wata yarinya a Jakarta
wadda ita ma katifarsu ke kan kabad.
Suka gwada tsayin ruwan da taƙi,
suka yi gardama kan laifin teku ne ko na mutane.
A daren na gane duniya gida ɗaya ce mai yoyo,
kowa da kwanon da ya tara.

Bara aka ce kowa ya zaɓi tambayarsa ta ƙarshe,
ya bi ta shekara guda.
Wasu suka ɗauki taurari, wasu kuɗin ƙasashe.
Tawa ta ɗauki rumbu.
Ta zaunar da ni, ta kunna rikoda:
"Yaya kaka yake ajiye albasa ta kai bazara?"
Na ba ta labarin kara da iska da inuwa,
abin da ban taɓa zaton ilimi ba ne.
Ranar baje koli na sa babbar riga,
na ga sunana a ƙasan allo, cikin jerin manazarta,
tsakanin wani farfesan Indiya da wata 'yar Masar.
Da Hausa ta buɗe jawabi, sannan ta juya harshe.

Muna dawowa danfo ya maƙale a Ojota,
kwandasta na zagin wanda bai ji ba.
Na daɗe ina juya abin a baki kafin na ce,
"Hansatu, su can Jakartan, albasarsu ja ce ko fara?"
Ta dube ni, ta ƙunshe dariya.
"Ban sani ba, Baba.
Ta ina kake ganin za mu fara?"